Haɗe Ƙashin Idon Sawu: Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Ƙarshen Magani Ba

Duk wanda ya san yadda babura ke kai-kawo tsakanin Wunti da kasuwar Muda Lawal ya san karayar idon sawu ba baƙuwa ba ce a Bauchi. Da yawa gidan mai ɗori suke fara zuwa. To, in karayar ta shiga cikin gaɓa kuma ta kama a karkace, sai guringuntsi ya cinye, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, mutum ya kasa taka ƙafa.

A nan ne likitocin ƙashi, irin na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko na Dala a Kano, kan ba da shawarar a haɗe gaɓar. Ana kankare ragowar guringuntsin, a ɗaure ƙasusuwan da kusoshi har su zama ɗaya. Sai an yi wajen mako 6 ba a taka ƙafar ba, kuma ƙashin kan ɗauki kamar wata 3 kafin ya kama. Shan taba da ciwon sukari suna jinkirta kamun.

Wasu suna gudun aikin don tsoron nakasa. Gaskiya ita ce yawanci zogi yana tafiya, mutum ya koma sana'arsa. Abin da zai rasa shi ne lanƙwasa idon sawu: tsugunno, tafiya a kan kunyar gona da zaman tahiya duk za su yi masa wuya.

Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa majinyata ba. Aikin da idon sawu ya daina yi, ƙananan gaɓoɓin ƙafa ne ke ɗaukarsa. A 2001 likitoci a Iowa ta Amurka sun duba mutum 23 bayan kimanin shekara 22 da yi masu aikin, suka tarar amosanin gaɓɓai ya kama waɗannan gaɓoɓi sosai, ko da yake gwiwa ta tsira.

Saboda haka wanda aka yi wa aikin yana ɗan shekara 30 yana bukatar kulawa har tsufansa. Kamata ya yi asibitoci su ajiye sunayen waɗannan mutane, su riƙa kiransu ana ɗaukar hoton ƙafar, a kuma samar masu da gashin ƙashi da takalmin da ya dace. Masu ɗori su ma, in karaya ta taɓa gaɓa, su tura mai ita asibiti tun da wuri. Allah Ya sawwaƙe.