Wayar Hannu a Makarantar Allo

Ya ku malamai da 'yan kasuwar Kurmi, wayar hannu da ta bazu a Nijeriya tun 2001 ta kutsa har zaurukanmu na Jakara. Amfaninta a fili yake: malami kan saurari karatun Shaihu Husari ya gyara tajwidinsa. Amma galibin Alƙur'anin cikinta ruwayar Hafsu ce, mu kuwa Warshu muke rubutawa a allo. Almajirin da ya saurara ba jagora sai ya cakuɗa ruwaya biyu.

Ƙwace wayar ba magani ba ne. Malami ya zaɓa masa Warshu, sa'an nan ran Alhamis ya bar shi ya koyi sana'ar da ransa ke so, ko ɗinkin hula ko gyaran waya. Ku kuma 'yan kasuwa, ku karɓe su. Wassalamu.