FILIN LAFIYA: Fitsarin Jini Ba Alamar Balaga Ba Ne

A wannan wata za mu tsaya ne a kan wata magana da muka tashi muka tarar a unguwanninmu na Zango, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Idan yaro ɗan shekara goma ya fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, sai ka ji manya suna dariya, suna cewa ai yaro ya fara zama namiji. Wasu kuma su ce zafin rana ne, zai wuce da kansa. To, jama'a, wannan jini cuta ce, sunanta tsargiya, kuma in aka ƙyale ta tana iya kai mutum ga rasa ƙodarsa.

Tsohuwar cuta ce ƙwarai. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz shi ne ya gano tsutsar da ke kawo ta a birnin Alƙahira a shekarar 1851. A 1910 kuma aka ga ƙwayayenta a cikin ƙodar gawawwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna.

Ga yadda take shiga jiki. Mai cutar ya yi fitsari a tafki ko rafi, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa. A nan suke hayayyafa, sannan su fito cikin ruwa dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga wanka, ko wanki, ko su, ko ɗiban ruwa, sai su huda fatarsa su shige, ko da bai kurɓi ruwan ba. Bayan sun girma sai su tare a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum har shekara uku zuwa biyar.

Ƙwayayen nan su ne ke ɓarna. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa. Wasu su keta bangon mafitsara su fita tare da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Sauran kuwa su maƙale a cikin nama, jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya kumbura, ya yi tabo. Shekara da shekaru mafitsara ta taurare, ta kasa riƙe fitsari kamar da. Idan tabon ya kama bututu biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda, sai hanya ta tsuke, fitsari ya riƙa komawa baya, ƙoda ta kumbura kamar salka, namanta ya yi ta sirancewa har ta gaza. Abin tsoro shi ne, jinin yakan ragu idan yaro ya girma, iyaye su ce ya warke, alhali ɓarnar tana ci gaba a ɓoye. Haka kuma tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankarar mafitsara. Mata ma ba su tsira ba, domin ƙwayayen sukan kama al'aura da mahaifa, su kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har rashin haihuwa.

Mu a nan Gana maganar ta shafe mu kai tsaye. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya kwanta ya zama tafkin Bolta, ciyawar ruwa ta yaɗu, dodon koɗi ya sami gida. Cikin 'yan shekaru, a wasu ƙauyukan bakin tafki kusan kowane yaro ya kamu. Mutanenmu kuwa suna Yeji, suna Kete Krachi, suna Dambai, suna fataucin kifi da hatsi, yaranmu suna zuwa hutu wurin dangi su yini a ruwa. Saboda haka kada mai zama a Kumasi ko Tamale ya ce shi babu ruwansa.

Alhamdu lillahi magani yana nan, kuma ba mai wuyar samu ba ne. A asibiti za a duba fitsari da madubin likita, an fi samun ƙwayayen a fitsarin da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2 na rana. Maganin sunansa firazikwantel, ana shansa rana ɗaya, gwargwadon nauyin mutum ko tsawonsa, kuma a ci abinci kafin a sha. Idan ma'aikatan lafiya suka kawo shi makaranta, muna roƙon iyaye kada su hana yaransu. Muna kuma roƙon malaman makarantun allo su kai almajiransu, don su ne aka fi mantawa da su. A yaro, kumburin hanyoyin fitsari yakan warke bayan shan magani, amma tsohon tabo da wuya ya goge. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, abin da ke cinye dukiyar gida kakaf.

Sai dai a sani, maganin ba ya hana sake kamuwa. Don haka a daina fitsari a ruwa ko bakinsa. Ruwan tafki na wanka a tafasa shi, ko a ajiye shi kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Babban mutum kuma da ya ga jini a fitsarinsa, kada ya sayi magani a kasuwa ya ce tsargiya ce, domin tsakuwar ƙoda da sankara su ma haka suke farawa. Ya tafi likita ya duba shi.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.