A AUNA JINI KAFIN A RABA GORO

Jama'a, ina roƙon fili in yi magana a kan auren zumunci, wanda mutanenmu ke kira tuwona maina.

Ba na cewa haramun ne. Yakubu ya auri Lai'atu da Rahila, 'ya'yan kawunsa Laban, kuma Musulmi ma addininsu bai hana ba. Iyaye suna sonsa domin sun san asalin yarinya, kuma gona ba ta fita daga gida. Amma akwai abin da ido ba ya gani.

Wana ya auri 'yar goggonmu. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Biyu suka tashi da ciwon gaɓoɓi, idanu rawaya, hannuwa suna kumbura. Tsofaffi suka ce mayu ne, aka sayar da awaki wajen neman magani. Sai da babban ya rasu aka kai ƙaramin asibiti, likita ya ce amosanin jini ne, watau sikila. Aka auna iyayen, aka tarar dukansu AS ne.

Ga yadda abin yake. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da irin cutar a ɓoye. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin 4 na zuwa da SS. Wajen mutum ɗaya cikin 4 a Nijeriya AS ne, don haka ko bare ka aura ba ka tsira ba. To, balle waɗanda suka haɗa kaka, tun da abin da ke ɓoye a jinin wannan yana iya kasancewa a jinin waccan. Ba sikila kaɗai ba, har da wani irin kurumta. Binciken da aka yi a Bradford ta Ingila, aka buga a 2013, ya nuna naƙasar haihuwa tana tashi daga 3 zuwa 6 cikin 100 in iyaye 'ya'yan wa da ƙane ne.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malamai a ƙauyuka, kuma ana jin maganar malami. Lalle mu fara da kanmu: mu san jininmu tun soyayya ba ta yi nisa ba. Sa'an nan mu yi wa dattawa bayani cikin ladabi, ba da raini ba. Gwamma a fasa aure goggo ta yi fushin wata guda, da a yi ta haƙa ƙananan kaburbura. Rigakafi ya fi magani.