Ku juya kyamarar ta kalli giginya

Ƴan uwa matasa, ku buɗe wayarku yanzu ku duba hotunan da ke ciki. Na san abin da za ku tarar: fuskarku, fuskar abokai, ɗinkin sallah. To, itace nawa ne a ciki?

Ni ma haka nake da. Shekara biyu da suka wuce na bi wani abokina ƙauyensu a Dallol Mauri, na tsaya na ɗauki kaina a gaban wasu dogayen giginyu. Bana da na koma wurin, kututture na iske a inda uku daga cikinsu suke. An sare, an yi azara. Da na yi magana sai aka ce ai dama can babu su. Ban ja musu ba, hoton kawai na fiddo. Gani ya kori ji.

Tun daga ranar nake ganin ɗaukar hoton daji aiki ne da ya hau kanmu.

Ku duba abin da ke kewaye da Gaya: kogin Isa, dajin Goru Basunga, giginyun da ke ba mu muruci, ga kuma gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996. Amma ku nemi hotunan giwayensa a intanet, za ku ga galibi baƙi ne suka ɗauka. Mun zama inuwar giginya, na nesa ka sha.

Yanzu baƙin ma sun janye. Tun harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a yankin raƙuman dawa, yawon buɗe ido ya durƙushe, gandun W kuma ya zama wurin da ake tsoron shiga. In mu ba mu ɗauka ba, wa zai ɗauka?

Wani zai ce hoto ba ya hana gatari. Haka ne. Amma in ka je gaban mai gari ko ma'aikatan gandun daji da hoton bara da na bana, ba wanda zai ce maka sharri ne.

Don Allah kada a ce na tura kowa W. Rai ya fi hoto. Kada ku ɗauki gada, shingen jami'an tsaro ko mutum ba da izninsa ba. Ku fara daga kusa: bakin gulbi, fadama, gonar kakanku. Ku zaɓi wuri guda, ku riƙa ɗaukarsa da damina da rani, ku rubuta sunan wurin da ranar.

Wanda ya ɗauka ya ajiye mana a nan ƙasa. Ni zan fara da kututturen nan uku.