P0171 ba sunan kayan da za ka saya ba ne

Yanzu ƙaramar na'urar ELM327 ta cika kasuwa. Ka soka ta a ramin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa ta da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe Torque ko Car Scanner, nan take mota ta faɗa maka lambar da ta kunna fitilar Check Engine. Wannan ci gaba ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari a kan ƙananan motoci, shi ya sa yawancin motocin Kwatano da muke hawa suna da ramin. Damuwata ita ce yadda muke amfani da shi: a ga lamba, a nemo ta a Google, a wuce kasuwar kayan gyara.

Ɗauki P0171, ɗaya daga cikin lambobin da suka fi yawan fitowa. Da an gan ta sai a ce oxygen sensor ne, a sayo sabo. Bayan kwana uku fitila ta dawo, kuɗi sun tafi.

Duk mai rubuta manhaja ya san cewa layin da kwamfuta ta ce ta samu kuskure ba lallai ne can ɓarnar take ba. Can ne kawai ta lura da ita. Haka P0171 take. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai. Sensa da ke jikin salansa tana auna hayaƙi, ta sanar da ƙwaƙwalwar mota cewa iska ta yi yawa. Ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, ta sake ƙarawa, har ta kai iyakar da aka ba ta, sai ta kunna fitila. Sensar ɗan aike ce kawai. Canza ta kafin bincike dukan ɗan aike ne saboda ya kawo labarin da ba a so.

Amsar tana cikin wayarka, a shafin da yawancinmu ba ma buɗewa. Kafin ka goge komai, duba Freeze Frame, wato hoton halin da injin yake ciki a daƙiƙar da lambar ta fito: gudunsa nawa, zafinsa nawa. Idan ka goge lambar, wannan shaida ta tafi.

Sannan ka bar injin ya yi zafi, ka buɗe STFT da LTFT. Su ne ke nuna kashi nawa cikin ɗari ƙwaƙwalwa take ƙara mai ko ragewa, na farko a yanzu, na biyu a tsawon lokaci. Haɗa su biyun. A lafiyayyar mota jimillar ba ta cika wuce 10 ba, sama ko ƙasa. A ce a silo ka ga +22. Taka totur zuwa 2500 rpm, ka riƙe na rabin minti. Idan lambar ta sauko kusa da sifili, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya.

Dalilin mai sauƙi ne. A silo ƙofar iska kusan a rufe take, injin yana zuƙa da ƙarfi, iskar da yake sha kuma kaɗan ce. Ɗan tsagu a jikin tiyo zai shigo da iskar da sensar MAF ba ta ƙirga ba, kuma a wannan hali kaso ne babba. Da ka taka totur, iska mai yawa ta bi hanyar gaskiya, ta ɓarauniya ta zama ba komai ba. To sai a duba babbar robar da ke tsakanin matatar iska da injin, tiyon PCV, tiyon birki, da gasket na manifold. Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 su fara da wannan gasket, don an san shi da sakin iska, musamman da sanyin safiya.

Idan kuwa silo lafiya lau, amma lambar tana hawa in ka taka, to hankali ya koma kan famfon mai, matatar mai, nozul, ko MAF da ƙura ta rufe. Da irin ƙurar hunturunmu da matatar iska da ake kakkaɓewa a mayar shekara da shekaru, wannan ba abin mamaki ba ne. A wanke ta da feshin da aka yi dominta, kada a taɓa siririyar wayar cikinta. Idan injin V6 ne kuma P0174 ta fito tare, nemi abin da ɓangarorin biyu suka haɗa a kai. Da wuya sensa biyu su mutu rana ɗaya.

Wani zai ce wannan raina bakanike ne. Ko kusa. Waya ba za ta nuna maka inda tsagun yake ba, sai an hura hayaƙi a cikin bututun an ga inda yake fita. Ba za ta auna ƙarfin famfon mai a yawancin tsofaffin motoci ba. Motocin da ke aiki da sensar MAP kaɗai ma, tsagu yakan ɗaga musu silo ne, bai cika kawo wannan lamba ba. Wasu na'urorin masu araha kuma suna yanke haɗi ana tsaka da karatu. Hannun gwani yana nan da amfaninsa.

Abin da wayar take ba ka shi ne bakin magana. Akwai bambanci tsakanin "Oga, fitila ta kama" da "Oga, a silo tana ƙara mai kashi 22, a 2500 tana dawowa 3, mu fara duba tiyo." Bakanike na gari zai ji daɗin na biyun, don ka rage masa aiki. Wanda ya ji haka ya ce duk da haka sai ka sayo sensa, nemi ya nuna maka dalili.

Kada kuma ka share matsalar don mota tana tafiya. Injin da mai bai ishe shi ba yana iya fara tsallen wuta, ya lalata catalytic converter, wanda kuɗinsa ya ninka na tiyo sau da yawa. Ɗauki hoton lambobin kafin gyara da bayan gyara. Idan LTFT ya sauko bayan 'yan kwanaki kana tuƙi, an gyara. Idan bai sauko ba, fitila kawai aka kashe maka.