Tsiro Ma Yana Da Ƙuruciya Da Tsufa

Manomi ya daɗe da sanin cewa ƙwaron da ya faɗa wa gyaɗa tana 'yar mako biyu ya fi ɓarna a kan wanda ya zo bayan ta rufe kunya. Masana kimiyya kuwa sun gano abin da ke gudana a cikin ganyen, kuma a ganinmu ya kamata malaman gona su soma aiki da shi.

Tun a shekarar 1972 wani masani a Amurka, Clarence Ryan, da abokin aikinsa suka nuna cewa idan ƙwaro ya gatsi ganyen tumatir, tsiron yakan farkar da waɗansu ƙwayoyin gadonsa, su sarrafa sinadarin da ke hana ƙwaron narkar da abinci. Daga baya aka fahimci cewa wani sinadari mai suna jasmonet ne ke kai wannan gangami daga wurin rauni zuwa sauran ganyaye.

To, amma gangamin ba ɗaya ba ne a kowane lokaci. A 2017 masu bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin suka gwada wani ɗan tsiro, dangin kanola wadda ake tatsar mai daga 'ya'yanta. Sun tarar ƙaramin tsiro yana amsa rauni da ƙarfi ƙwarai, amma da ya girma sai amsar ta yi sanyi. Duk da haka tsutsa ta fi shan wuya a kan babban, domin ya riga ya tara sinadarai masu ɗaci a jikinsa. Watau yaro ihu yake yi, dattijo kuwa ya tanadi makami tun kafin maharin ya iso.

Manoman kanola a Kanada da ma da girman tsiro suke auna haɗari. Sukan yi feshi idan ƙwari suka cinye rubu'in ganyen jaririn tsiro, amma da zarar ya kai ganye huɗu, galibi ya wuce haɗari.

Mu kuma gyaɗa da riɗi ne abin tatsar manmu, kuma mun ɗanɗana kuɗarmu. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa. Wannan cuta ce, ba rauni ba, amma ita ma ta fi kassara shukar da ta kama da ƙuruciya, shi ya sa ake horon manoma su yi shuka da wuri.

Ba za a ɗauki sakamakon Shanghai a ɗora wa gyaɗa kai tsaye ba, don ba danginsu ɗaya ba. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta ba Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuɗi da kayan aiki, ta auna gyaɗa da riɗi mako-mako daga tsirowa zuwa fure. Da haka malamin gona zai iya gaya wa manomi makon da feshi ya wajaba da makon da asarar kuɗi ne kawai.