Mai son barin giya ya nemi abokan tafiya

Giya tana cin hanta, tana cinye kuɗin hatsi, tana raba magidanci da iyalinsa. Mashaya da yawa sun rantse sun bari, ba a jima ba suka koma, domin su kaɗai suke kokuwa, kunya ta hana su faɗa ma kowa.

A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka gane in suna zantawa da juna sun fi iya daurewa. Wannan shi ne asalin ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a fidda sunan kowa waje.

A ganina wannan dubara ta dace da mu da muka saba da gayya da asusu. Mai neman irin wannan zama ya fara tambaya a gidan likita. In babu, mutum biyu ma sun isa: su tsai da rana kowane mako, su riƙe asirin juna.

Sai dai a yi hattara. Wanda ya daɗe yana sha, in ya bari lokaci guda, jikinsa na iya rawa har ya faɗi yana shure-shure. Ya ga likita tukuna. Mu kuwa mu daina yi musu gori.